Me ya sa masu son tsofaffin finafinai suke girmama Bob Monkhouse?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Abin da aka fi sanin marigayi Bob Monkhouse da shi a Ingila shi ne gabatar da shirye-shiryen gasa da kacici-kacici a talbijin, irin su The Golden Shot da Family Fortunes, amma sai ga shi masu nazarin finafinan barkwanci marasa sauti suna ambaton sunansa da girmamawa ƙwarai. Shin wace gudummawa ya bayar a wannan fage?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, Malam. An haifi Monkhouse a shekarar 1928, ya rasu a 2003, kuma duk tsawon aikinsa na barkwanci bai daina tattara tsofaffin finafinai ba. A tsakiyar shekarun 1960 ya gabatar da wani shiri mai suna Mad Movies, inda yake nuna gutsattsarin finafinan barkwanci marasa sauti, da yawansu daga cikin waɗanda ya tara da kuɗinsa, yana kuma yi wa masu kallo bayanin 'yan wasan da yadda suka tsara abin dariyar. Muhimmancin wannan aiki zai fito fili idan muka tuna cewa an ɗauki waɗannan finafinai ne a kan wani irin faifai mai saurin kama wuta, wanda kuma yake ruɓewa idan ya daɗe a ajiye. Gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin finafinai na Fox a Amurka a 1937 kaɗai ta lashe ɗimbinsu, kuma wani bincike na ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka a 2013 ya gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinai marasa sauti na ƙasar sun ɓata baki ɗaya.

Hajiyar Katsina: Malam, ka bar abin da ya fi taɓa mini zuciya. A shekarar 1979 an gurfanar da shi a kotun Old Bailey da ke Landan bisa zargin haɗa baki don zambatar kamfanonin rarraba finafinai. Kotu ta wanke shi, amma finafinai da dama da aka ƙwace daga hannunsa ba a mayar masa da su ba, kuma a ganina wannan asara ce ga jama'a gaba ɗaya.

Ɗan Zazzau: Na gode muku. To, me ya sa mutanen cikin finafinan suke tafiya da gaggawa haka?

Malamin Tarihi: Da hannu ake juya kyamarorin zamanin, sau da yawa a kan hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa guda, alhali talbijin ɗin Ingila yana nuna 25, shi ya sa motsin mutanen yake ƙara sauri idan aka nuna fim ɗin. Duk da haka, wani lokaci masu ɗaukar hoton da gangan suke sassauta juyin domin gudun tsere ya ƙara ban dariya.