Wa ke sama da mai shigar da ƙara na gwamnati?

Mai albasa, Tawa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san doka ce, don ni bokona bai yi nisa ba.

Bara bayan an cire albasa, ƙanena ya ɗora wa wani mutum buhu 60 daga Galmi, a kan ya saida a Yamai ya kawo kuɗi. Ya saida, kuɗi shiru. Muka kai ƙara wajen jandarma, suka rubuta, suka ce takarda ta tafi hannun mai shigar da ƙara. Yau wata 7 ke nan. Duk zuwan da muka yi, sai mu wuni bisa benci ƙarƙashin dogon yaro, da la'asar a ce mu dawo mako mai zuwa. Kuɗin kabu-kabu kaɗai da muka kashe ya isa sayen tunkiya.

A fadarmu ta hira ana cewa mutumin ɗan'uwan wani babba ne, waya ɗaya aka buga takarda ta kwanta. Ban gani da idona ba, ba zan rantse ba. Abin da nake son sani: shi mai shigar da ƙara, alƙali ne ko ma'aikacin gwamnati? Akwai wanda doka ta ba ikon ce masa "tsaya"?

Tsohon magatakarda, Yamai:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya maida alheri. Amsar ita ce duka biyu, kuma nan gizo ke saƙa.

Tsarinmu na Nijar gadon Faransa ne. Alƙalai da masu shigar da ƙara makaranta ɗaya suke yi, riga ɗaya suke sawa, amma sun kasu biyu. Akwai na zaune, masu yanke hukunci, waɗanda a doka babu mai ba su umurni. Akwai na tsaye, masu shigar da ƙara. Su waɗannan tsani ne: na ƙaramar kotu yana ƙarƙashin babban mai shigar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara, shi kuma yana ƙarƙashin ministan shari'a. Minista kuwa ka san wa ya naɗa shi. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ake koya musu, wai alƙalaminsu a ɗaure yake amma bakinsu a sake: abin da za su rubuta sai yadda na sama ya ce, in sun miƙe gaban kotu suna iya faɗin ra'ayinsu.

A shekarun da na yi ina ɗaukar takardu, ban taɓa riƙe wata da aka rubuta "a binne wannan ƙara" ba. Ba a buƙatar rubutawa. Mutum yana da ƴaƴa a makaranta a Yamai, matarsa na aiki nan, ya san sa hannu ɗaya ya isa a tura shi inda mota ke kwana biyu kafin ta kai. Shi da kansa zai lissafa. Wani lokaci kuma, in faɗa maka gaskiya, babu wata waya, takardu ne suka yi tsibi a kan tebur ɗaya.

Amma ƙanenka bai rasa ƙofa ba. Yana iya kai ƙara kai tsaye gaban alƙali mai bincike a matsayin wanda aka cuta, ya ajiye kuɗin da alƙalin zai yanka masa. Wannan alƙalin na zaune ne. Ku nemi lauya ya rubuta muku.

Ɗalibar doka:

Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Faransar da muka kwaikwaya ita ma ta sha suka. A 2010 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce mai shigar da ƙara na Faransa ba mai cin gashin kansa ba ne, tun da yana ƙarƙashin minista. A watan Yulin 2013 suka yi doka, lokacin Christiane Taubira na ministar shari'a, ta hana minista ba da umurni a kan shari'ar wani mutum takamaimai. Kenya ta wuce nan: kundin tsarin mulkinta na 2010 ya raba ofishin mai shigar da ƙara da na lauyan gwamnati, wa'adi ɗaya na shekara 8, ba a sabuntawa. Wanda ba ya jiran a ƙara masa wa'adi, me zai sa ya yi fadanci?

Ɗan Ƙonni:

Ƙanwata, takarda daban, kasuwa daban. Ni kullum ina tsallakawa Illela. A Najeriya antoni janar shi ne ministan shari'ar da kansa, kuma sashe na 174 na kundin 1999 ya ba shi ikon karɓe shari'a ko janye ta kafin a yanke hukunci. To can ma ana ɗaure manya wani lokaci, nan ma ana sakin su. Kuma in kun ce kada kowa ya taɓa shi, ranar da shi ne ya karɓi na goro fa, wa zai kama shi? Minista ko banza ana iya tsige shi.

Malamin tarihi, Tawa:

Alhaji na Ƙonni, tambayarka tana da nauyi, amma ba a ce a bar shi ba linzami ba. A ba wa majalisar alƙalai linzamin, ba wanda ake iya tuhuma gobe ba. Matsalar ita ce ko a zamanin kundinmu na 2010 shugaban ƙasa ne ke jagorantar majalisar ƙoli ta alƙalai.

Ina ba ɗalibaina misali biyu. A Amurka, 20 ga Oktoban 1973, shugaban ƙasa Nixon ya umurci antoni janar Elliot Richardson ya kori Archibald Cox, mai binciken badaƙalar Watergate. Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Mataimakinsa ma ya ƙi, ya bi shi. Sai na uku, Robert Bork, ya sa hannu. A doka Nixon ne ubangidansu, amma bai kai shekara ba ya sauka. Na biyu namu ne: a Yunin 2009 kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce zaɓen raba gardamar tazarce ya saɓa doka, Tandja ya rusa kotun. Su alƙalan zaune ne ma, doka ta kare su, duk da haka aka kwashe kujerun. To ina ga na tsaye?

Mai albasa, Tawa:

Na gode ƙwarai, yau na san ba haukata ba ce. Baba magatakarda, wannan kuɗin ajiyar, ana maido shi in an ci shari'a? Kuma takardar da jandarma suka ba mu tana nan cikin leda a akwatin ƙanena, da ita za mu je wajen lauya ko sai an sake wata? Gobe Lahadi kasuwa, sai Litinin in Allah ya kai mu.