Abin da aka ce kan renon ƙaramin furen okid

Da aka tattauna kan ƙaramin okid irin Phalaenopsis, wani furen ado da ake reno a tukunya cikin gida, batun ruwa ne ya fi ɗaukar lokaci. A daji jikin itatuwa yake maƙalewa, saiwarsa na shan iska, don haka ƙasa ba ta karɓe shi ba. Ɓawon itace ake zuba masa a tukunya mai huji. Kada a ba shi ruwa sai saiwar ta yi fari-fari, galibi bayan mako, kuma kada ruwa ya kwanta tsakanin ganyen, daga nan ruɓewa ke farawa. A ganina, masu yawan shayarwa sun fi kashe shi.

Yana son haske kusa da taga, ban da zafin rana. A tsarma taki sosai. Sauya tukunya kuwa, sai fure ya zube.