Rubutun bayan tanka: inflammable na nufin ba ya cin wuta ne?

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Yau cunkoso ya tsayar da mu a bayan wata tankar mai kusan rabin awa, ba abin kallo sai jan rubutun da ke jikinta: HIGHLY INFLAMMABLE. Ni fa na ce kuskure ne. Tun muna aji ɗaya aka koya mana cewa in- a gaban kalma korewa take yi. Correct da incorrect, visible da invisible. To in flammable shi ne abin da ke kama wuta, inflammable ai wanda ba ya kamawa ke nan. Wato mai fenti ya rubuta wa fetur "sam ba ya cin wuta". Yaya, ka gaya wa mutanenku su gyara.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Auta, boko ya fara yi miki yawa. Tun kina firamare nake jan tanka, kuma haka na tarar ana rubutawa. Duk masu fentin ƙasar nan ne suka taru suka yi kuskure ɗaya?

Auta: Yawan masu yi ba hujja ba ne, Yaya. Mutum ɗaya ya rubuta, saura suka kwafa.

Kawu: Auta, kin kama dokar daidai amma kin ɗora ta a kan kalmar da ba tata ba. Turanci na da in- guda biyu, kamanninsu ɗaya, aikinsu daban. Ta farko ita ce kika kawo, mai korewa. Ta biyu ma'anarta "ciki" ko "sa a ciki", ita ce a inject, inhale, income, include. Ko kin taɓa jin an ce income kishiyar come ce? To inflammable daga ta biyun ta fito. Tushenta kalmar Latin ce, inflammare, wato cinna wa abu wuta. Ba a ɗauki flammable aka liƙa mata in- ba. Inflammable ma ce yaya: tun farkon shekarun 1600 take cikin Turanci, ita kuwa flammable sai 1813 ta bayyana, kuma ta daɗe ba mai kula ta. Mai fentin nan bai yi kuskure ba.

Anti Nas: Kawu kun tuna mini. Kullum muna rubuta inflammation a katin marasa lafiya, kumburin da wuri ke yin ja yana zafi kamar an sa garwashi. Ban taɓa kawo wa raina cewa dangin rubutun tanka ba ne.

Kawu: Uwa ɗaya uba ɗaya.

Auta: Na ji, Kawu, Allah ya ƙara girma. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. In har in- biyu ce kuma ba alamar da ke raba su a ido, ta yaya mai wucewa a titi zai san wacce ake nufi? Gargaɗin da sai ka san Latin kafin ka gane shi, gargaɗi ne?

Kawu: Nan kam kin samu abokan ra'ayi, kuma manya. A shekarun 1920 ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta yi kira a riƙa rubuta flammable a bar inflammable, don tsoron irin fahimtar da kika yi yau. Kamfanonin inshora suka mara mata baya. Shi ya sa a kan kayan da ake shigowa da su yanzu flammable za ki fi gani, abin da ba ya cin wuta kuma non-flammable. Ni dai a raina na fi son tsohuwar. Da ita aka koyar da mu, kuma ban ga dalilin da za a kori kalma daga gidanta don wasu ba su yi karatu da kyau ba.

Anti Nas: Haba Kawu, wannan ai son kai irin na malaman Turanci ne. A aji ku koyar da duk wadda kuke so. A jikin tulun gas kuwa rai ake magana.

Ɗan Baffa na Maraɗi: Ina gaida manya. Mu nan wannan rigimar ba ta taso ba, don Faransanci bai san flammable ba kwata-kwata. Inflammable kawai muke da ita, kuma ita ce a jikin kowace tanka. In ana so a ce abu ba ya cin wuta sai a ƙara wata in-, a ce ininflammable. Ga in- ɗinku biyu a jere cikin kalma ɗaya, Kawu, ta farko ta kore, ta biyu ta cinna.

Kawu: Madalla. Wannan misalin ya fi duk bayanina.

Ɗan Baffa na Maraɗi: Amma akwai wadda ta taɓa kayar da ni. A Faransanci maison inhabitable gida ne da ba ya zaunuwa, wanda rufinsa ya rufta. Ranar da na ga inhabitable a takardar Turanci a kan wani gidan haya, na ce wa abokina mu gudu. Ashe a Turanci nufinta ana iya zama a ciki. Rubutu iri ɗaya harafi da harafi, ma'ana gabas da yamma.

Kawu: Saboda ta Turancin daga inhabit ta fito, zama a ciki. Kishiyarta uninhabitable.

Anti Nas: Tunda kowa na tona asirin kansa, bari in faɗi nawa. Da zan bar wani asibiti da na fara aiki, aka ba ni takardar yabo, a ciki an rubuta cewa gudummawata invaluable ce. Wallahi a cikin adaidaita na karanta, idona ya ciko. Shekara huɗu ina aikin dare, a ce ba ni da amfani? Na linke takardar na cusa ƙarƙashin katifa, sai bayan sati biyu wata abokiyar aikina ta gani ta riƙa dariya har da riƙe ciki.

Auta: To Kawu, ita ma wannan in- ta "ciki" ce?

Kawu: A'a, wannan ta korewa ce tsantsa. Sai dai ba darajar ta kore ba, ƙiyasin ta kore. Abin da darajarsa ba ta ƙiyastuwa. Wanda ba shi da daraja valueless ko worthless ake ce masa. Kuma kada mu yi wa Turawa dariya da yawa, mu ma haka muke. In aka tambaye ki yaya biki kika ce "ai ba a magana", kin kushe shi ne? In an ce abinci ba kama hannun yaro fa?

Auta: Wannan kam an kama ni.

Kawu: Ki ƙara da infamous, don ɗalibaina sun sha fassara ta da wanda ba a sani ba. An san shi sarai, da mugun abu ne aka san shi. Ƙasurgumin ɗan fashi, ba baƙon ƙauye ba. Sannan ita in- mai korewar tana sauya riga gwargwadon harafin da ke gabanta: impossible, illegal, irregular. Baki ne ke neman sauƙi. Ki faɗi "gidan Bala" da sauri ki saurari kanki, gidam Bala za ki ji.

Yaya Babba: Na bar ku kun gama Latin ɗinku. Yanzu ku ji ta mai jan motar. Ni ban taɓa ganin wanda ya tsaya karanta rubutun nan ba sai Auta, ita ma don cunkoso ne. Abin da mu aka koya mana shi ne jar alamar nan mai kusurwa huɗu da hoton harshen wuta da lamba 3 a ƙasa, sannan a wasu motocin akwai farantin ruwan lemo mai 1203, lambar fetur ke nan. Wannan ko Bature ko Balarabe ko wanda bai taɓa shiga aji ba, hoton wuta dai hoton wuta ne. Kuma ku tuna Majiya ta Jigawa, Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu da tanka ta faɗi aka taru kwasar mai. Allah ya jiƙansu. Akwai wanda in- ta ruɗa a cikinsu? Kowa ya san fetur.

Anti Nas: Amin. Gaskiya ne Yaya, amma fetur kowa ya san warinsa. Ni tunanina yana kan gwangwanin maganin sauro da turaren fesawa da sinadarin fenti, waɗanda ake ajewa a kicin kusa da risho. Nan ne mai rabin Turanci zai karanta inflammable hankalinsa ya kwanta.

Auta: Yawwa Anti. Abin da nake son faɗa ke nan tun farko, na ɗauko ta bai-bai ne. Na janye cewa mai fenti ya yi kuskure. Ban janye cewa a sauya kalmar ba.

Kawu: Ni kuma ban janye cewa tsohuwar ta fi daɗin faɗa ba. Amma in ni ne mai tankar, flammable zan sa a rubuta, a ƙasa kuma a ƙara "Hattara, yana cin wuta" da boko da ajami.

Yaya Babba: Kawu, mai fenti da harafi yake caji. In kun biya, gobe motata tana gareji.