Daɗin Bakin Mai Talla: Gwaninta Ce ko Yaudara?

Malamin firamare, Taura: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Lahadi a kasuwar Gujungu na tsaya kusa da wata mota mai lasifika da ke tallan maganin feshin ciyawa, muryar da aka naɗa tana ta maimaita cewa saura kwali uku, gobe farashi zai tashi, kuma manyan manoma duk sun riga sun saya. Na wuce da hantsi kwali uku ne, na dawo bayan la'asar har yanzu kwali ukun nan ba su ragu ba. Ra'ayina shi ne duk daɗin bakin da ake yi wa mai saye yaudara ce da aka sanya wa riga, domin kaya mai kyau ba ya buƙatar a yi masa kirari.

Dillalin dabbobi, Maigatari: Wa alaikumus salam. Malam, ka haɗa tuwo da ƙasa a kwano ɗaya. Shekaru da yawa ina cin kasuwar Alhamis, kuma ban taɓa ganin bijimin sa ya sayar da kansa ba. Idan baƙo ya zo daga Kudu, ni ne zan nuna masa ƙirjin sa da tozonsa, in buɗe masa baki ya ga haƙora, in faɗi irin kiwon da ya samu, sannan in san lokacin da zan ce albarka da lokacin da zan sa mai dabba ya sallama. La'adar da nake karɓa kuɗin wannan bakin ne. Abin da nake ƙi shi ne a ajiye wani a gefe yana ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don kawai a zuga baƙo.

Mai sana'ar man gyaɗa, Ringim: Ni ma ina bayan Alhaji dillali. Yarinyar da ke mini talla takan kira kowace mata Hajiya, kowane namiji Alhaji, kuma babu wanda ya taɓa zaton ta ba shi kujerar Makka. Idan na ƙara wa mai saye gyara na ce don ke ce kawai, ita ma ta san ta gaba da ita haka na faɗa mata, sai mu yi dariya ta tafi. Malam, in ka hana wannan ai ka mayar da kasuwa ofis.

Limamin unguwa, Ɓaɓura: Malamai sun daɗe da raba wannan gardama. Abin da Alhaji ya ambata na ƙara tayin ƙarya shi ake kira najashi, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi. Ya kuma taɓa sanya hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. A Risala ma, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an hana ɓoye aibin haja da gauraya mai kyau da maras kyau. Yabon kaya da abin da yake cikinsa halal ne. Amma cewa saura uku alhali mota cike take labari ne aka bayar, kuma labarin ƙarya ne, balle a ɗora masa rantsuwa, wadda aka ce tana tafiyar da haja tana shafe albarka.

Ɗalibin harkar kasuwanci, Dutse: Allah ya gafarta Malam, abin da lasifikar nan ke yi ba na ganin dama ba ne, dabaru ne da ake koyarwa. Ana nuna wa mutum kaya na shirin ƙarewa don ya saya kafin ya yi shawara da kowa, ana ce masa kowa ya saya domin ɗan Adam yana jin nauyin zama saniyar ware, sannan a fara ambata farashi mai tsada don na biyun ya zama kamar rangwame. Doka ta san da haka. Tun 2022 hukumar ARCON ta maye gurbin APCON wajen tace tallace-tallace, kuma tallan magani sai da amincewar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Sai dai tace tallan rediyo ya fi sauƙi a kan bin motar da ta ci Gujungu yau, ta ci Maigatari ranar Alhamis, ta kwana Wudil don kasuwar Juma'a.

Dattijon manomi, Garki: Yaro, nan ne ka taɓo inda yake mini ciwo. Daminar bara wani mai mota ya sayar mini da irin masara yana cewa ko an yi fari zai yi, na shuka rabin gona da shi, tsirowar ma da ƙyar. Na koma kasuwa makonni uku a jere ban ga ko ƙurarsa ba. Alhaji da Hajiya suna iya zaƙin bakinsu domin mako mai zuwa suna nan inda aka bar su, kuma mun san gidajensu da surukansu. Na yarda da gani ya kori ji, to amma iri da maganin feshi ba sa ba ne da za a buɗe wa baki, sai bayan kuɗi sun tafi ake gani.

Malamin firamare, Taura: Baba, na janye kalmar duk, kuma Hajiya ta yi haƙuri. Sai dai ban sauka gaba ɗaya ba, domin ko gaskiya zalla aka faɗa, zaɓar wadda za a faɗa da wadda za a yi shiru a kanta shi ma aiki ne. Alhaji, ka taɓa faɗa wa baƙo cewa bijimin da kake yabo ya yi jinya da bazara ba tare da ya tambaya ba?

Dillalin dabbobi, Maigatari: In cutar tana jikinsa nakan faɗa, don dawo mini da shi za a yi a gaban Sarkin Tike, shugaban kasuwar dabbobi. In ya warke sarai, to gaskiya nakan bari sai an tambaya. Liman, wannan a wane ɓangare ya faɗa?