Wayar gyaran haƙora ta hana bakina sakat, ko nikel ne?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitocin haƙori da duk wanda ya taɓa sa wayar gyaran haƙora.

Haƙorana na sama sun rufe na ƙasa sosai, har na ƙasan suna taɓa dasashin sama idan na rufe baki. Likita ya manna min ƙananan ƙarafa a jikin haƙoran, ya zura wayar haɗin ƙarafa biyu, nikel da titaniyam, wadda ke komawa siffarta a hankali tana jan haƙora. Sun fara jeruwa, alhamdu lillahi. Sai dai tun da aka sa ta cikin leɓena ya yi jawur, dasashi ya kumbura, gefen baki yana tsagewa. Kakin da nake liƙawa ya rage gogar ƙarfen, amma raɗaɗin yana nan.

Likita ya ce ƙarancin goge haƙora ne. Ban gamsu ba, domin da ma agogon ƙarfe yakan feso min ƙuraje a wuyan hannu, kuma kusan rabin wannan waya nikel ne.

Idan aka koma wayar titaniyam da molibdinam, wadda ba ta da nikel, ya isa? Ko sai an ɓamɓare ƙarafan ma an sa na tangaran, tunda baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka yi su da shi, shi ma yana da nikel kaɗan? Gwajin da ake liƙawa a fata don gano ko jiki ba ya shiri da nikel zai nuna abin da ke faruwa a baki? Ba na so a tsayar da aikin alhali cizon bai daidaita ba.