Wa ya taɓa karɓar kuɗin inshora bayan haɗarin mota a Zariya?

Baban Ilham, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Wata mota ta buge ni ta baya a Kwangila, bamba da fitilu sun farfashe, but ya lotse. Mai motar ya amsa laifinsa, kuma yana da inshorar nan ta naira 15,000 da ke biyan ɓarnar da mai mota ya yi wa wani. Kamfaninsa ya ce kuɗin da mai gyarana ya rubuta ya yi yawa, rabi za su biya. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni shawara.

Alhajin Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Allah ya kiyaye gaba. Kada ka bari a kwance ko noti ɗaya sai ma'aikacinsu ya zo ya gani da idonsa. Lokacin da aka buge ni a PZ, rahoton 'yan sandan MTD (sashen kula da zirga-zirgar motoci) da hotunan da yarona ya ɗauka kafin a janye motocin su suka cece ni. Da suka rage kuɗin, sai na shiga wurin masu sayar da kayan mota biyu, kowa ya rubuto farashi da hatimin shagonsa. Suka ƙara, ko da yake sun cire wani abu wai don kayana sun tsufa. Tun Janairun 2023 wannan inshorar tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, saboda haka bamba da fitila ba su kai a yi ta jan rai ba.

Maman Sadiq, Samaru: Baban Ilham, ka gode Allah inshorarsa ta gaske ce. Wanda ya buge maigidana a hanyar Shika, wajen ɗan kamasho ya sabunta takardunsa. Muka sa lambar motar a shafin NIID, inda ake duba ko inshora ta gaske ce, babu ita. Bawan Allah har da hawaye. Dattawan unguwa suka zauna, yana biya kaɗan-kaɗan.

Direban Ɗanmagaji: A sani kuma, ta 15,000 ba ta gyara motar mai ita, wanda ka buge take biya. Direbobi da yawa a tasha sai bayan haɗari suke jin haka.

Alhajin Sabon Gari: Haka ne. Kuma ka ce su ba ka dalilin ragin a rubuce, ban da waya. In sun ƙi, hukumar NAICOM mai sa ido kan kamfanonin inshora tana karɓar ƙorafi, ka haɗa mata da kwafin komai. Kada ka sa hannu a takardar sallama, wato ta amincewa da kuɗin da za su biya, kafin ku daidaita.

Baban Ilham: Na gode, Alhaji. Motar tana gareji ba a taɓa ta ba. Gobe in sha Allahu zan karɓo farashin.