Bashin karatu don digiri na biyu a Amurka: in karɓa ko in dakata?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Wata jami'ar jiha a nan Amurka ta ba ni gurbin digiri na biyu a fannin tsara birane, karatun shekara biyu, za a fara a watan Agustan 2026. Ina da katin zama na dindindin, saboda haka na cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, kuma takardar da ofishin tallafin ɗalibai ya aiko mini ta nuna cewa kuɗin makaranta da haya da abinci da inshorar lafiya za su kai wajen dala 38,000 a shekara. Abin da suka rubuta a layin tallafi kuwa rance ne na dala 20,500, babu kyautar ko sisi. Ina aiki, amma abin da na tara ba zai cike wannan giɓi ba, ga kuma iyali a wuyana. Wani abokina ya ce in nemi rancen Grad PLUS, wato ƙarin rancen da gwamnatin tarayya ke ba ɗaliban gaba da digirin farko, in cike ragowar, kamar yadda ya yi a lokacinsa. Shin hakan shawara ce? Kuma ba zan ɓoye muku ba, batun kuɗin ruwa yana damuna ƙwarai.

Tsohuwar ma'aikaciyar ofishin tallafi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da farko ka sani cewa shawarar abokinka ta sha ruwa, domin dokar da aka sanya wa hannu a ranar 4 ga Yulin 2025 ta rufe Grad PLUS ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yulin 2026. Waɗanda suke cikin karatunsu kuma sun riga sun karɓi rancen gwamnati a kansa ne kaɗai aka bar wa ƙofa a buɗe har su gama, muddin bai wuce shekara uku ba. Kai da za ka fara a Agusta, abin da gwamnatin tarayya za ta iya ranta maka shi ne dala 20,500 a shekara, kuma jimillarsa a matakin gaba da digirin farko ba za ta wuce dala 100,000 ba. Masu karatun likita da lauya da makamantansu su ne aka ba dala 50,000 a shekara.

Rancen da ke cikin takardarka sunansa Direct Unsubsidized, kuma yana da kyau ka fahimci yadda yake aiki kafin ka sa hannu. Tun daga Yulin 2012 gwamnati ta daina ɗaukar wa ɗaliban digiri na biyu da na uku kuɗin ruwa a lokacin da suke makaranta, don haka ruwan yana fara hawa ne daga ranar da aka tura kuɗin zuwa asusunka na jami'a. A shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 ruwan ya kasance kashi 7.94 cikin ɗari. Ana sanya sabon adadi kowace shekara bisa gwanjon takardun lamunin gwamnati na watan Mayu, amma adadin da ka karɓi rance a kansa ba ya canzawa har ka gama biya. Akwai kuma ladan kashi 1.057 cikin ɗari da ake cirewa tun kafin kuɗin ya iso, wato za a rubuta maka bashin dala 20,500 alhali abin da ya shiga asusunka bai kai 20,300 ba.

Yi lissafin da kanka a takarda. A kan wancan adadi, dala 20,500 tana haifar da ruwan sama da dala 1,600 a shekara. Idan ka karɓa sau biyu, bashin ya zama 41,000, kuma kafin watanni shida na sararawa da ake bayarwa bayan kammala karatu su ƙare, ruwan da ya taru zai kusa dala 5,000. In kana son ka rabu da bashin cikin shekara 10, za ka riƙa biyan dala 500 da 'yan kai kowane wata. Sai ka ɗora wannan a kan albashin da mai fara aikin tsara birane yake samu a jihar da kake, bayan an cire haraji da haya, ka ga ko zai ɗauka.

Abu biyu da ɗalibai da yawa ba su sani ba: ba dole ne ka karɓi duk abin da aka rubuta maka ba, kana iya neman a rage, kuma idan ka mayar da wani ɓangare cikin kwana 120 da turo shi, za a soke ruwa da ladan da ke kan abin da ka mayar.

Ɗalibin digiri na uku:

Hajiya ta yi bayanin rancen yadda ya kamata, amma ni ina ganin tambayar Malam ta tsallake wani mataki. Takardar ofishin tallafi ba ita ce maganar ƙarshe ba, domin kuɗin tallafin da ba a mayarwa, a matakin digiri na biyu, ba a wannan ofishin yake ba, yana hannun sashen da zai koyar da kai ne. Tallafin Pell da mutane suka saba ji na masu digirin farko ne. Abin da ke rufa wa manyan ɗalibai asiri shi ne aikin mataimakin malami ko mataimakin mai bincike: aikin awa 20 a mako, a yafe maka kuɗin makaranta duka ko rabi, a ba ka alawus duk wata, sau da yawa har da inshorar lafiya. Gaskiya ne masu digiri na uku ake fara ba wa waɗannan guraben, shi ya sa akasarinmu ba ma biyan kuɗin makaranta, amma a manyan jami'o'in jihohi ana samun ragowa, musamman a sassan da ke da cunkoson ɗaliban shekarar farko.

Ka rubuta wa mai kula da shirin digiri na biyu a sashenku wasiƙa gajera, ka gaya masa kai tsaye cewa kana son zuwa amma kuɗi ya tsaya maka, ka tambaya ko akwai gurbin mataimaki ko rangwame. Kada kunya ta hana ka, irin wannan wasiƙa suna ganinta kullum. Lokaci ma yana da muhimmanci, saboda jami'o'i da yawa sun amince da yarjejeniyar da ta ba ɗalibi har 15 ga Afrilu ya amsa tayin tallafi, kuma da zarar ranar ta wuce, kuɗin waɗanda suka zaɓi wata makaranta yakan dawo hannun sashe a sake raba shi. Kada ka tsaya a sashenku kaɗai. Ɗakin karatu da ofishin gidajen kwanan ɗalibai da cibiyoyin bincike duk suna ɗaukar mataimaka. Ina da abokin ɗaki da ya yi digirinsa na biyu yana duba takardun jarrabawar lissafi a wani sashe daban, tarin takardu a kan teburin cin abinci kowane daren Lahadi, kuma ya fita ba a bin sa ko kwabo.

Ka kuma tambayi wurin aikinka. Doka ta yarda ma'aikata ta biya wa ma'aikacinta har dala 5,250 a shekara na karatu ba tare da haraji ba. Sannan ka duba ko farashin ɗan jiha aka lissafa maka, domin a yawancin jihohi zaman wata 12 yana sauke kuɗin makaranta sosai.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma:

Ban ƙi abin da aka faɗa ba, sai dai kada a tsorata ɗan'uwa har ya watsar da gurbin da ya samu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, abin dubawa shi ne wane iri ne. Fannin da ya zaɓa galibi gwamnatin birni ko ta jiha yake kai mutum, kuma tun 2007 akwai shirin PSLF wanda ke yafe ragowar rancen tarayya ga wanda ya yi biyan wata-wata sau 120 yana cikakken aiki da gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, ba tare da an ɗora masa harajin tarayya a kan abin da aka yafe ba. Sabon tsarin biya da ake kira RAP, wanda zai fara a Yulin 2026, yana ɗaure biyan wata da abin da mutum yake samu, daga kashi 1 zuwa kashi 10 cikin ɗari. Ni a kan wannan hanya nake, kuma abin da na koya shi ne a riƙa tura fom ɗin shaidar wurin aiki kowace shekara, a adana kwafin kowace takarda, domin shekara goma tana da tsawo kuma dokoki suna sauyawa.

Inda zan ja kunnenka da ƙarfi shi ne rancen bankuna da kamfanoni masu zaman kansu, wanda shi ne za a fara tallata maka yanzu da Grad PLUS ya kau. Ba ya shiga PSLF, ba ya sauka idan albashinka ya sauka, wani ma ruwansa yana hawa da sauka da kasuwa, kuma yawanci sai wani ya tsaya maka. Wanda ya tsaya maka ɗin, ranar da ka kasa biya shi za a bi, sunansa ne zai ɓaci a wajen masu ba da bashi. Rancen tarayya ana soke shi idan mutum ya rasu ko ya samu nakasa ta dindindin. Na kamfani kuwa sai abin da yarjejeniya ta ce. Shi ma na tarayyar ba abin wasa ba ne, domin bayan kwana 270 babu biya ana iya yanke har kashi 15 cikin ɗari na albashi ba tare da an je kotu ba. A ganina, idan giɓin dala 17,500 da ya rage maka ba zai cike ba sai da rancen kamfani, gara ka dakata.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan rubuta wa sashen a yau. Idan suka ce babu gurbin mataimaki a bana, ana iya ɗage shiga zuwa baɗi ba tare da gurbin ya salwanta ba? Kuma har yanzu ba a taɓo mini batun ruwan ba.

Tsohuwar ma'aikaciyar ofishin tallafi:

Sassa da yawa suna yarda a ɗage shiga na shekara guda, amma ikon nasu ne, saboda haka ka nemi amsar a rubuce, kuma ka sani sai ka sake cike FAFSA, tunda kowace shekara ake cike ta. Ka tambaye su kuma ko ana yin karatun rabin lokaci, kana aiki kana biyan kuɗin darasi biyu a zango daga albashi da tallafin wurin aiki. Zai ɗauke ka shekara uku ko huɗu, amma a irin halin da ka bayyana ita ce hanyar da na fi natsuwa da ita, kuma za ka iya neman rangwamen haraji na Lifetime Learning wanda ke kaiwa dala 2,000 a shekara.

Game da ruwa, hukuncinsa na malamai ne, ka zauna da wanda ka amince da iliminsa ka shimfiɗa masa alƙaluman nan yadda suke. Abin da zan iya tabbatar maka ta fuskar aiki shi ne babu rancen tarayya marar ruwa ga ɗalibin digiri na biyu, ko da ka biya da wuri, sai dai babu tara a kan biyan wuri, kuma kowace dala da ka rage a uwar kuɗin tana rage abin da zai hau gobe. Akwai ƙungiyar Musulmi mai suna A Continuous Charity da ke ba ɗalibai rance marar ruwa a Amurka. Masu nema sun fi abin da ke hannunta yawa, don haka ka duba lokacin da take buɗe karɓar takardu ka shirya naka tun kafin ranar.